Zinariyar da na kusa ganowa a farar ƙasar Ƙanƙara

Farar ƙasar Ƙanƙara nake bincike a kai a digirina na biyu, kuma malamina ya ce ba zai sa hannu a babi na huɗu ba sai ya ga hoton ƙwayoyinta kafin gashi da bayan gashi. Madubin ƙara girma na sashenmu da haske yake aiki, irin wanda ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), don haka gari kawai yake nuna mini. Dole sai SEM, na'urar da ke bin saman samfuri da ilektaron maimakon haske. Tsadarta ta fi ƙarfin sashe ɗaya, shi ya sa take ɗakin gwaje-gwaje na tsakiya. 'Yan kemistari, 'yan fiziks, masu haɗa magani, har baƙi daga wasu jihohi, kowa rubuta suna yake a littafi ya jira layi.

Sati uku na jira ina ta mita. A cikin jiran ne na karanta cewa Ernst Ruska da Max Knoll sun ƙera madubin ilektaron na farko a Jamus a 1931, amma sai 1986 aka ba Ruska kyautar Nobel. Na ɗan rage mitar.

Da ranata ta zo, hazo ya rufe Katsina. Na shiga da ƙulli shida a leda. Mai kula da na'urar, wani dattijo marar yawan magana, ya ɗaga ƙulli ɗaya ya duba, ledar ta yi gumi ta ciki.

"Malama, kin busar da wannan kuwa?"

"Na shanya shi kwana biyu a rana, Malam."

"A rana? Cikin wannan ƙurar?"

Ya yi mini bayani a tsaye. Kafin na'urar ta fara aiki sai an zuƙe iskar cikinta ƙaf, domin ilektaron ba ya tafiya kai tsaye cikin iska. Samfuri mai danshi zai yi ta fitar da tururi, famfon ya yi ta wahala, cikin na'urar ya ƙazantu, na bayanka ya kwashi asara. Ƙurar hunturun da ta sauka a kan shanyata kuma, ita ma sai ta fito a hoto kamar 'yar gida. Ya tura ni in kwanar da shi a oben a digiri 105, in rufe a kwalba. Lokacina aka ba wani bawan Allah da ya taso daga Daura da gawayin ɓawon gyaɗa. Na ji haushi, amma gaskiya laifina ne.

Zuwa na biyu na ga yadda ake ɗora samfuri. Wani ɗan ƙarfen alminiyom ne kamar maɓallin riga, a manna masa baƙin tef na kabon, a barbaɗa garin. Ni na tula kamar mai zuba yaji a tsire. Malam ya karkaɗe shi, ya hura da 'yar robar iska har sai da na ga kamar babu komai a kai, ya ce yanzu ya yi. Sannan aka yi masa feshin zinariya siriri, saboda farar ƙasa ba ta wuce da lantarki. Na roƙa a bar ɗaya ba feshi don rage kuɗi. Ya yarda, ina jin don in gani da idona. Caji ya taru a kansa, hoton ya cika da farin zane-zane masu walƙiya, ba abin da za a iya karantawa.

Masu feshin kuwa, sai da na ce tabarakallah. Faya-faye masu kusurwa shida-shida, an jera su kan juna kamar shafukan littafin da ya sha ruwa. Na so a ɗauki wuri mafi kyau kawai, Malam ya ce a'a, sai an zagaya wurare da dama, a girma daban-daban, kada in kai wa malamina kwalliya a maimakon shaida.

Sai aka kunna EDS, sashen da ke faɗin sinadaran da ke cikin samfuri. Ga alminiyom, ga silikon, ga oksijin, daidai da abin da ake tsammani. Can gefe na hango Au, alamar zinariya. Gabana ya faɗi, na ce, "Malam, zinariya a ƙasar Ƙanƙara!" Ranar na fara ganin dariyarsa. "Wadda muka fesa ɗazu ce, Malama. Kabon ɗin nan ma na tef ne."

Abin da ya fi damuna shi ne wanda na gasa a digiri 700 bai bambanta sosai da ɗanyen ba, faya-fayen na nan da siffarsu. Na ɗauka gashin ne bai yi ba. Malam ya ce wuta ta kori ruwan da ke ɗaure cikin ginin ƙwayar, tsarin ciki ya rushe, amma siffar waje takan tsaya, SEM kuma waje take gani. Na'urar XRD, mai leƙa tsarin ciki da hasken X-ray, ce ke nuna wannan. Ya nuna mini wani littafin a teburin ƙofa. Na rubuta sunana, mutum tara ne a gabana.