Filaya da kakakin Turawa ba sa ga-maciji

Duk wanda ya ga kakakin Turawa a hannun 'yan badujala zai ɗauka maɓallan nan uku ne ke fitar da sauti. Ba su ba ne. Leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a cikin ƙoƙon busa, wato ɗan bakin kakakin da ake ɗora leɓe a kai, iskar da ke cikin bututun ta amsa. Bututun tagulla ne guda, in an warware shi bai cika mita ɗaya da rabi ba, naɗe shi aka yi don ya riƙu a hannu. Maɓallan bawul ne: ka danna, iska ta ratse ta wata ƙarin lanƙwasa, hanya ta yi tsawo, sauti ya sauka. Na tsakiya rabin mataki, na farko mataki guda, na uku ɗaya da rabi. Kafin wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, su yi rajistar bawul a Berlin a 1818, yawancin kakakin Turawa kamar na fada yake, leɓe ne kaɗai ke aiki.

Ban fahimci wannan da kyau ba sai da aka kusa kashe min nawa. Ɗan ƙanwata ya gano cewa in ya buga ƙoƙon busa da tafin hannu yana yin "fop", ya yi ta bugawa har ƙoƙon ya maƙale. Ina wajen aiki, maƙwabcinmu bakanike ya ce a kawo, ai ƙaramin abu ne. Ya sa filaya ya murɗa. Ƙoƙon bai motsa ba, farkon bututun ne ya murɗe, dalmar da ta riƙe shi ta ɓalle, ga sawun haƙoran filaya a jikin ƙoƙon.

Da na busa, sai huci. Tsagar ba ta kai a zura allura ba, amma manyan sautuka duk sun ƙi fita. Kafin a sami mai gyaran da ya san tagulla da dalma an sha yawo, kuɗin kuwa kada ma a yi maganarsa. Abin da ke ci min rai har yanzu, ƙoƙon da aka yi wa wannan aika-aikar, mai gyaran da wata 'yar na'ura mai kusoshi biyu ya zare shi, ko gumi bai yi ba. Tagullar siririya ce ƙwarai, ƙarfin da ke kwance noti ya fi ƙarfinta. Maƙwabcin namu kuma har gobe cewa yake dama kayan ba su da ƙwari!

In ka ciro bawul don wankewa, dubi lambar da ke jikin kowanne, 1, 2, 3, ka mayar da shi gidansa, ka juya har ya ce ƙas. In ya karkace iska ba za ta wuce ba. Da hunturu ƙura na sa su nauyi, man bawul za ka ɗiga, ban da man gyaɗa. Ƙoƙon busa kuwa a saka shi da 'yar murɗa kaɗan, a cire bayan busa, a ɓoye inda hannun yara bai kai ba.