Wasiƙa daga Jamus: inda kunun zaƙi ya rabu da giya

Assalamu alaikum mutanen gida, na Ringim da ƙauyukan da ke kewaye, musamman iyayenmu mata masu dama kunu. Ya zafi, ya haƙuri da rashinmu?

Wata ranar Asabar ina ɗakina a wani ƙaramin gari kusa da birnin Munik, sai na ji ƙamshi yana hawowa daga ɗakin ƙasa na gidan da nake haya. Ƙamshin da rabona da shi tun ina gida, sak na kunun zaƙi lokacin da Inna ta zuba tsiro a cikin gasara mai ɗumi. Na sauka da gudu kamar yaro. Na tarar da maƙwabcina, wani dattijo ɗan fansho, tsaye a kan ƙatuwar tukunya da muciya a hannu. Ashe giya yake dafawa. Na yi a'uzubillahi a zuci, na juya zan tafi, ya ce in tsaya in gani, a wannan gaɓar babu ko ɗigon maye a tukunyar. Na tsaya, hannuwana a aljihu. Ban kama masa ba, ban ɗanɗana ba, na faɗa tun kafin malamanmu su fara aiko mini da saƙo.

Da tsiron sha'ir yake farawa. An jiƙa hatsin, an bar shi ya tsira kwanaki, an busar, an ɓarza. Sai ya zuba shi a ruwan da zafinsa ya kai digiri 65 ko kusa da haka, ya riƙe shi a nan awa guda, ma'aunin zafi na tsome a ciki, yana leƙawa kamar mai jinyar jariri. Dalilinsa shi ne, hatsi idan ya tsira yana samar da wasu sinadarai da ke narkar da sitaci su mai da shi sukari. Ruwan ya yi sanyi, aikin ya ƙi sauri. Ya kusa tafasa, sinadaran su mutu.

A nan na tuna da Inna. Takan raba ƙullu biyu, ta dama rabi da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, amma ba ta zuba ɗanyen ƙullun da ke da tsiro ko dankalin Hausa nan take. Sai ta bari ya sha iska, ta taɓa gefen robar da bayan hannu, sannan ta haɗa, ta rufe, ya kwana. Da asuba kunun da ya yi kaurin tuwo ya tsinke, ya yi zaƙi ba a sa masa ko cokalin sukari ba. Muna yara mun ɗauka hannunta ne mai albarka. To albarkar tana nan, amma abin da bayan hannunta ke aunawa shi ne abin da dattijon nan ya sayi na'ura yake aunawa.

Daga nan hanya ta rabu. Shi yakan tace ruwan zaƙin, ya tafasa shi awa guda da wani fure mai ɗaci da suke kira hofs, ya huce shi zuwa digiri 20, ya zuba yis, ya toshe a durum har mako ɗaya ko biyu. Yis ɗin ne ke cinye sukarin ya fitar da barasa da iska. Mutanen Babariya, wato jihar da Munik take ciki, na alfahari da dokarsu ta 1516 da ta ce ruwa da sha'ir da hofs kawai za a sa a giya. Ba a ambaci yis a cikinta ba, alhali shi ne mai laifin duka.

Wannan ne ya sa nake rubuto muku. Yis ba sai an saya ba. Yana kan hatsi, yana jikin ƙwarya, yana cikin jarkar da aka ɗauraye sama-sama. Tsamin da kunu ke fara yi na ƙwayoyin da ke tsamar da nono ne, ba komai. Amma ƙannenmu masu ɗura kunu da zoɓo a robobi suna kaiwa tasha, a zafin Afrilu, babu ƙanƙara, ga sukari an labta, kwantai kuma a mayar da shi gobe da jibi, su sani cewa duk abin da yis yake so sun ba shi. Idan roba ta kumbura ta yi tauri, ka buɗe ta yi tsaki, kumfa ta taso, wari ya doki hanci, kada a ce "ya ɗan yi tsami ne". A zubar. Masu burkutu ba wani sirri suke da shi ba face tsiron dawa da haƙurin jira. Kuma ya zo a hadisi cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar.

Abu ɗaya da na yi wa dattijon hassada shi ne wanki. Rabin ranarsa a wanke tukunya da bututu da kwalabe ta ƙare, kowace kwalba sai an leƙa cikinta a gaban fitila. Mu kuwa robar da aka tsinto a bakin kasuwa, ruwa ɗaya ake watsa mata.

Da na ba shi labarin dawa, sai ya ce ai ya karanta cewa tun da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 masana'antu suka koma kan dawa, har da masu lemon malt marar barasa da muke sha a biki. Na ce haka ne, wataƙila buhun Baba ma ya bi ta Dawanau ya tafi can.

Na gwada kunun a nan da geron da na samo a shagon 'yan Afirka. Na zuba tsiron da wuri don gaggawa, ya kwana da kaurinsa. Inna, idan an karanta miki wannan, a sa Yaya ya ɗauki muryarki a waya ki faɗa mini tsawon lokacin da kike bari ya sha iska. Kuma duk mai tahowa ya riƙo mini busasshen dankali da kanumfari.

Naku,
ɗanku da ke Jamus