Katin kyamara a madadin hadisk, da wata takarda mai lambobi uku

Kawuna yana da shagon yanka sitika da rubutun allo a Sabon Gari, kuma injin yankan nasa ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai wata tsohuwar 486 mai tsohuwar manhajar MS-DOS 6.22. Katin da ke haɗa su na ramin ISA ne, ramin da aka daina yi wa kwamfutoci tun tuni. In kwamfutar nan ta kwanta, injin ya zama kayan 'yan gwangwan. Sai ga hadisk ɗinta, wato ma'ajiyar bayananta, ya fara ƙwas-ƙwas, wani lokacin sai an kashe an sake kunnawa kafin ya yarda ya juya. Na zaga PZ da cikin kasuwa, duk wanda na tambaya hadisk mai haɗin zamani, SATA, yake miƙo min, ita kuwa tsohon haɗi na IDE ta sani. In an yi sa'a aka zaro IDE daga ƙarƙashin tarkace, mai gigabait 40 ne ko 80, shi ma ya sha duniya. Shi ne na ce bari in haɗa nawa.

Abin da ya sa mai ƙarfen soda da mita kaɗai zai iya wannan aiki shi ne katin CompactFlash, wanda SanDisk ta fito da shi a 1994, masu ɗaukar hoto kuma suka daɗe suna sa shi a manyan kyamarori. Katin nan ya iya yaren IDE da kansa. In ƙafarsa ta 9 tana haɗe da nagetif lokacin da wuta ta shigo, sai ya ɗauki kansa hadisk, ba sai an sa wani cif a tsakani ba. Naka kawai ka kai wayoyi daga ƙafafunsa 50 zuwa layuka 40 na kebul. Na ciro soket daga wata matacciyar na'urar karanta kati, na yanka tsohon kebul, na ari gilashin ƙara girma wurin wani mai gyaran waya. Ƙafa ta 13 da ta 38 na wuta ne, ta 1 da ta 50 nagetif. Ta 39 in ka kai ta nagetif katin ya zama masta, wato diski na farko a kebul. Ta 36 da ta 44 na ɗaure su a wuta, layukan adireshi daga A3 zuwa A10 kuma duk nagetif. Wutar daga jar waya za ka ɗauka, bolt 5. Rawayar bolt 12 ce, in ta taɓa katin ko jana'iza ba sai an yi ba. Wayoyin su zama gajeru, sannan ka bi kowace ƙafa da mita kafin ka soka kati. Iyakar sodar ke nan, kuma ba ta ba ni wata wahala ba.

Katin kuwa wurin wani mai hoto na samo a Tudun Wada. Da na ce mai megabait 512 nake nema sai ya yi dariya, ya ce ko hotunan ɗaurin aure ɗaya ba zai ɗauka ba. Ni kuwa ƙanƙantarsa nake so. BIOS, wato 'yar manhajar da ke tayar da kwamfuta, da lambobi uku yake auna diski: silinda, kai (head) da sakta. Wanda aka yi kafin wajen 1994 ba ya ƙirga fiye da silinda 1024, kai 16, sakta 63, kowace sakta bait 512. In ka ninka za ka sami megabait 528, nan ganinsa ya tsaya. Da na sa BIOS ya binciki katin da kansa, ya fito da 993, 16, 63. Ya shige cif.

A cikin tsohuwar kwamfutar ake raba kati a yi masa fomatin, ba a laftof ba. Na tashe ta da filofi, na raba katin da umarnin FDISK, na bi da FDISK /MBR don katin da ya fito daga kyamara sau da yawa ba shi da abin da zai tayar da kwamfuta, sannan FORMAT C: /S. Na ɗaura tsohon hadisk a matsayin silef, wato diski na biyu, na kwashe komai da XCOPY yana nishi yana bayarwa. Kafin magariba injin ya yanka sitikar gwaji lafiya lau. Kwamfutar da ake kunnawa a je a sayo koko a dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta tashi. Kawu dai bai sake ba, wai bai ji ƙara ba, ta yaya zai san tana aiki. Sai da na ja masa ƙaramin ƙwan fitila daga ƙafa ta 45 yana ƙyaftawa. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, komai daidai. Na ce gobe zan zo da laftof in ɗauki kwafin katin, ai tsohon hadisk yana nan.

A gefen akwatin kwamfutar akwai wata 'yar takarda manne da selotef da ya yi ja, lambobi uku a rubuce da biro. A shagon da bango da tebur da ƙofa duk awon allo ne da lambobin wayar kwastomomi, wa zai tsaya a kan wannan?

Washegari da hantsi yaron shagon ya kira ni. "Yaya, sunayen suna nan, amma in na shiga ciki sai wasu zane-zane." Kafin in iso daga Samaru ya riga ya taimaka.

Ga abin da ya faru. A jikin bod ɗin akwai batirin nikel mai siffar ganga, bolt 3.6, irin wanda ke caji in kwamfuta tana kunne. Shi ke riƙe saitin BIOS. Ya tsufa, amma bai mutu murus ba: in an wuni ana aiki yana ɗaukar ɗan cajin da zai riƙe na sa'o'i kaɗan, in an kwana sai ya saki. Shi ya sa duk kashewa da kunnawar da na yi da yamma ban ga komai ba. Shekara da shekaru, kowace safiya kwamfutar nan tana tashi ta manta wane hadisk ke cikinta, yaron kuma ya shiga BIOS, ya zaɓi lamba 47, inda ake shigar da lambobin diski da hannu, ya kwafe lambobin takardar, ya fita. Haka wanda ya gabace shi ya koya masa. Bai san silinda da kai da sakta ba ne na tsohon hadisk, a wurinsa mabuɗin kunna kwamfuta ne. Shi kansa Kawu ya manta ana yi. Babu wanda ya ga abin faɗa a ciki.

Da lambobin sun sha bamban gaba ɗaya, da kwamfutar ta ƙi tashi, da an huta. To saktar ta zo ɗaya, 63, kan ne ya bambanta: takarda ta ce 15, kati kuma da 16 aka tsara shi. DOS yana rubuta lambobin da aka yi fomatin da su a farkon diski, ya ci gaba da ƙirga da su, alhali BIOS ya shaida wa katin wani lissafi dabam. Kamar mai raba wasiƙa ne da aka ce masa kowane layi gida 16 ne, a ƙasa kuwa 15 aka ƙirga: layin farko duk zai kai daidai, daga layi na biyu kowace wasiƙa gidan maƙwabci za ta, kuma yana nisa kuskuren yana faɗi. Teburin FAT, mai nuna inda kowane fayil yake, da jerin manyan foldoji suna can farkon kati, shi ya sa sunaye suka fito tsaf. Abin da ke ciki ne ake ɗebowa daga inda ba nan ba.

Har zuwa nan babu abin da ya ɓace. Da an gyara lamba ɗaya, da komai ya dawo. Sai yaron ya ga filofin DOS a kan tebur, ya tuna akwai SCANDISK, manhajar gyaran diski, ya kunna, duk tambayar da aka yi masa ya ce a gyara. SCANDISK ya leƙa foldoji ya ga shirme, ya yarda shirme ne, ya warware su, ya sake rubuta teburin FAT, kuma shi wannan rubutun a daidai wurinsa ya sauka. Da na mayar da 993, 16, 63, abin da na tarar jerin FILE0000.CHK ne da 'yan'uwansa. Na juya ga tsohon hadisk, na ba shi wuta, ya yi ƙwas sau ɗaya ya yi shiru. Bai sake juyawa ba har yau.

Manhajar injin ba ta dame ni ba, filofinta na asali suna cikin durowar Kawu, kuma sun karantu. Zanen ne. Rubutun Larabci na allunan Islamiyyu da na walimar sauka, tambarin makarantu, kalmomin da direbobi ke sa wa a bayan mota, duk abin da Kawu ya zauna ya daidaita da hannunsa tun ina firamare. Abin da ya cece mu shi ne fayilolin zanen, na PLT, rubutu ne zalla, umarnin HPGL da injin yanka ke bi, suna farawa da IN, sai PU da PD, wato ɗaga wuƙa da sauke wuƙa. Kuma da yake a sabon kati aka kwafe su, a jere suke kwance ba a warwatse ba. Na ɗauki kwafin katin gaba ɗaya, sak yadda yake, a laftof, na bi shi ina tsinto su. Akasarinsu sun dawo, amma ba suna. Dare bayan dare muna zaune, in buɗe fayil, Kawu ya ɗaga tabarau ya ce wannan na makarantar Kwarbai ne, wannan na mai shayin bakin tasha ne da ya rasu. Waɗanda SCANDISK ya taka kuwa sun tafi.

Batirin na fara cirewa kafin in sake taɓa kati. Ya riga ya fara zubar da koren gishirin nan da ke cin layukan bod. Na goge wurin da ruwan binega, na bi da sipirit, na duba layukan da mita. Wanda zai sa CR2032, batirin nan mai siffar kwabo, ko batirin tocila a gurbinsa ya tuna bod ɗin yana tura caji, su kuma ba a cajinsu, dole a sa dayod a tsakani, don ya hana cajin shiga batirin. Ni AA uku na jera da dayod, na ja waya na ɗaure su can nesa da bod, in za su zuba su zuba a kan ƙarfe. Gwajin kuma a bar kwamfuta ta kwana a kashe, a dawo da safe. Na minti biyar ba ya nuna komai.

Yanzu duk tsohuwar kwamfutar da aka kira ni a kanta, kafin in kwance ko noti ɗaya sai na sa wanda ke kunna ta kullum ya kunna a gabana, tun daga soka filogi, ina kallon yatsunsa. Mai shago ba ya sanin wannan, yaron ne ya sani, shi kuma ba zai faɗa ba don bai ɗauke shi wani abu ba. Kwafin kati kuma a ranar ake ɗauka, kafin a miƙe daga kujera. Na koma wurin mai hoton na karɓo kati na biyu, na zuba masa kwafin na farko, yana cikin ambulan a durowa. Filofin DOS na tafi da shi gida.

Takardar na ɓalle ta da kaina. Yaron ya so in rubuta sabuwa da lambobin kati, na ce a'a, in ta sake mantuwa a kira ni. Injin yana yanka har yanzu, ko wuta ta ɗauke ta dawo kwamfutar tana tashi da kanta. Amma jiya ma ina shagon wani kwastoma ya tambayi tsohon zanensa, aka duba babu, sai na ji Kawu yana ce masa, "Ai tun da ɗan nan ya sa mana katin hoto."

Na ce, "Kawu, batir ne."

Ya ce, "To, da can batirin ba ya nan?"