Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a Paris

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, na koma Debrecen, garin da nake karatu a ƙasar Hungary, lafiya tun daren Litinin, na yi sabon layi, kuma na ga saƙonninku duka. Waɗanda suka yi ta kirana a kashe tun ranar Juma'a, ku gafarce ni, wayar ce aka sace. Na ga ya fi dacewa in yi bayani sau ɗaya a nan, domin akwai mutanen da godiyar baki kawai ba za ta ishe su ba.

Wata biyar na yi ina tara kuɗin tafiyar nan daga ɗan alawus ɗin karatu. Da muka gama jarrabawa a watan Yuni na sayi tikitin jirgi mai araha daga Budapest zuwa Beauvais, filin jirgin da ke da nisan kilomita 80 da wani abu daga Paris, sai an ƙara da bas. Na kama gado a masaukin matafiya, mu takwas a ɗaki, kowa da akwatin ƙarfensa mai kwaɗo. Komai na rubuta shi a takarda: nawa zan ci, nawa zan hau mota. Burodin nan dogo da cuku da ayaba su ne abincin rana. Ruwa kuwa ban saya ba ko sau ɗaya, saboda korayen famfunan Wallace da ke kan tituna tun 1872 suna zuba kyauta, sai dai ka tara gorarka. Gidan tarihi na Louvre ban biya ba, tunda wanda bai kai shekara 26 ba kuma yana da katin zama a Tarayyar Turai kyauta yake shiga. Majami'ar Notre-Dame ma kyauta ce, wadda aka sake buɗewa a Disambar 2024 bayan gobarar 2019. Hasumiyar Eiffel ban hau ta ba. Daga dandalin Trocadéro na zauna na kalle ta, na jira rana ta faɗi wajen ƙarfe goma saura, sannan fitilunta suka yi ta walwali na minti biyar. Kwana biyun farko lissafina bai kuskure da ko sisi ba.

Ranar Juma'a na yi salla a Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. Na daɗe a farfajiyarsa ina kallon ruwa da tayil kore da fari, raina fes. Daga nan na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zan je unguwar Château Rouge, don an ce mini can ne kasuwar mutanenmu. Jirgin ya cika maƙil. Daidai lokacin da ƙofa za ta rufe wasu samari suka turo ni, ɗaya ya yi kamar zai faɗi a kaina, suka fice. Sai da na hau matakala na fito titi na kai hannu aljihu, na ji wayam. Babu waya, babu walat. Kuɗina, katin banki, katin makaranta, tikitin komawa da ke cikin wayar, duk sun tafi. Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

Na jingina da ƙarfen bakin tasha ina ta maimaita Innalillahi, ƙafafuna suna rawa. Ban san da Hausa nake sambatu ba sai da na ji murya a bayana: "Kai yaro, lahiya? Mi ya same ka?"

Baba, da kai zan fara. Ban nemi izininka in faɗi sunanka ba, don haka zan ce dattijon Maraɗi kawai, waɗanda suka san ka za su gane. Kana riƙe da ledar kuɓewa da busasshen kifi daga kasuwar Dejean, ka ajiye ta a ƙasa ka kama hannuna. Ba ka tambaye ni takarda ba, ba ka tambaye ni ɗan wane gida ne ba. Abin da ka fara tambaya shi ne ko na ci abinci. Ka miƙo mini wayarka na kira aboki ya toshe katin banki, sannan ka ce mu tafi komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Awa uku muka yi a kan benci muna jiran layi, ga shi da asuba za ka fita aikin shara a ofisoshi. Da aka kira mu kai ne bakina: ina faɗa da Hausa, kana juyawa, jami'ar tana bugawa a kwamfuta, har ta ba mu takardar shaidar sata. Na ga yadda ka ninke ta gida huɗu da kanka, ka sa mini a aljihun gaban riga, ka ɓalla maɓallin. Wannan ɓalla maɓallin ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da na gani a birnin.

Kuɗin masaukina na daren Juma'a ne ƙarshe, sauran kwana biyun da katin zan biya. Ka ce ba za a yi haka kana raye ba. Muka je na kwaso jakata, muka wuce Saint-Denis da ke bayan garin Paris, ɗakin da kuke zaune ku uku. Ka bar mini katifarka ka shimfiɗa darduma da bargo a ƙasa, na yi magiya har na gaji ka ce baƙo ba ya gardama da mai gida. Abokan zamanka biyu, Bazabarme da ɗan Mali, ɗaya ya ara mini jallabiya, ɗaya ya haɗa shayi har zagaye uku. Allah ya saka musu da alheri. Shi kuma ɗan Malin ba mu da harshe ɗaya ni da shi, amma duk sallar da muka yi sai ya dafa kafaɗata bayan sallama.

Inna mai abinci, maƙwabciyarsu 'yar Damagaram, na gode. Da kika ji labari kika aiko da dambun zogale da yajin ƙuli a kwano mai murfi, washegari kuma tuwon shinkafa da miyar kuka. Rabona da miyar kuka tun barina Kano. Kika ce in ci, uwata ma haka za ta yi wa naki ɗan. Na ci ina share ido.

Yaya, ke ce kika dage tun kafin in tashi cewa fasfo da katin zama kada su kwana a aljihu ɗaya da kuɗi, in kulle su a masauki in fita da hotonsu. Na yi miki musu a lokacin. Ba don maganarki ba da yanzu ina can ina zarya tsakanin ofishin jakadanci da na shige da fice, ga rajistar zango mai zuwa tana matsowa. Sannan cikin daren kika haɗa kuɗi ke da mai gidanki kuka turo ta hannun Baba, kuma kika riƙe maganar ba ki gaya wa Hajiya ba sai da na sauka. Na san ba ƙaramin abu ba ne a canza Naira zuwa Yuro a wannan zamani. Allah ya raya miki zuri'a.

Abokina kuma abokin ɗakina a Debrecen, kai ka toshe katin cikin minti goma, ka shiga imel ɗina ka zaƙulo tikitin, ka turo aka buga mini a takarda a wani shago. Ka zo har tashar jirgin ƙasa ka tarye ni da tsohuwar wayarka a hannu. Da ita nake rubuta wannan. Akwai kuma wata matafiya 'yar Brazil a masaukin, wadda ta ga ina kwashe kaya ta tambayi dalili, ta zaro Yuro ashirin ta tura mini a jaka ba tare da ta bar ko lambarta ba. Ba za ta taɓa karanta wannan ba, amma ina so a san ta yi.

Hajiya, ki yafe mini ɓoye miki da muka yi. Addu'arki ce ta riga ni isa bakin tashar nan.

Ranar Lahadi Baba bai bar ni na zauna cikin baƙin ciki ba. Ya ce ban zo Paris don in ga komisariya kaɗai ba. Muka taka daga unguwar Barbès muka hau tudun Montmartre, yana hutawa a kan matakala saboda gwiwa, har gaban majami'ar Sacré-Cœur, birnin duka a shimfiɗe ƙarƙashinmu. Ya ce shekarunsa da yawa a garin nan, yana ganin farar ƙubbar daga ƙasa kullum, amma sai ranar ya taɓa hawowa.

Da zan tafi na ware wani abu daga kuɗin Yaya na miƙa masa. Ransa ya ɓaci sosai, ya mayar mini, ya ƙara da goro biyu a takarda. Abu ɗaya ya roƙa: in sa uwargidansa a addu'a, tana Maraɗi ba ta da lafiya, shekara biyu bai samu zuwa ba. Don haka duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mata addu'ar samun sauƙi, shi kuma Allah ya buɗa masa hanyar zuwa ya gan ta.

Baba, ka ce in sanar da kai idan na isa. Na iso lafiya, goron ma ɗaya yana nan ban fasa ba.