Yadda na jefa makullin motata a bola da hannuna

Ƙannena masu tara kuɗin motar farko, ku matso ku ji wautar da na tafka, don ni ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa min, sai da aljihuna ya ji a jikinsa.

Motata ta farko Camry ce 2007, wadda ake ce wa Muscle, 'yar Amurka da ta biyo ta Kwatano. Ranar biyan kuɗi dila ya miƙo min makulli ɗaya tal, na ce ina safaya, ya ce haba Alhaji ai haka suke zuwa, ko a bakin titi sai a yanka maka wani. Ni kuma zumuɗi ya cika ni, an kira ni Alhaji ban taɓa zuwa ko Jidda ba, na karɓa na yi gaba. Shekara biyu ina yawo da makulli ɗaya, kullum ina cewa wata mai zuwa zan yi safaya.

To ana nan sai robar kan makullin ta tsage, na naɗe da salatif har ya koma kamar yatsan mai ciwo. Wata Alhamis na sayo sabon kesin, irin wanda ke zuwa da ƙarfensa ba yanka, na kai wa mai yankan makulli ya kwafa min, na koma gida da tsohon. Da dare na zauna a tsakar gida da 'yar sukundireba, na ciro allon rimot ɗin na mayar cikin sabon kesin, ya zauna daram, gwanin kyau. Ƙarfen tsohon na ɓalle shi na adana a durowa wai ni mai hankali, robar kuma na wurga kwandon shara. Da sassafe almajirinmu ya kwashe sharar ya kai bola.

Safiyar Juma'a na danna rimot ƙofa ta buɗe, na zura makulli ya murɗa lafiya lau, inji ya yi ta kir kir kir amma ya ƙi tashi. Na kira makanikena ya ce fulogi ne, muka canja, shiru. Ya ce to famfon mai ne, na sayo, shiru. Aka kira mai rewaya ya tuttuɓe fis ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe suka haɗa baki wai birenbos, wato kwamfutar motar, ne ya ƙone, in nemo kuɗi. Kwana uku ina hawa Napep, batir ma har ya mutu saboda yawan kik.

Wani yaro ne ya cece ni, ba zai wuce shekara 22 ba, ya zo da 'yar kwamfuta a jaka. Ko bonet bai buɗe ba. Ya zura makullin ya nuna min wata 'yar jar fitila a dashbod tana ƙiftawa, ya ce Oga wannan in motar ta gane makullinta daina ƙiftawa take yi da an zura shi, taka kuwa ga ta nan ba ta daina ba. Sai ya juya makullin a hannunsa ya ce, Oga wannan kesin sabo ne, ina tsohon?

Wallahi a nan cikina ya ɗuri ruwa.

Ga abin da ban sani ba. A cikin robar kan makulli akwai wani ɗan cip, wani baƙi ne kamar gutsuren gawayi, wani kuma ɗan gilashi ne mai kama da ƙwayar shinkafa, shi ake kira tiransifonda. Ba shi da batir sam. A bakin inda ake zura makulli akwai wani zoben waya a naɗe cikin roba, da ka sa makulli zoben sai ya watsa wani sigina mai rauni, wajen kilohaz 125 zuwa 134 gwargwadon irin cip ɗin, wannan siginar ita ke ba cip ɗin 'yar wutar da zai farka ya amsa da lambarsa. In lambar ta yi daidai da wadda ke rubuce a kwamfutar motar sai a saki mai da wuta. In ba ta yi ba, ko ba a ji amsa ba kwata-kwata kamar nawa, to kik zai juya inji amma nozul ba za ta fesa mai ba. Wasu motocin, kamar Volkswagen, tashi suke yi na daƙiƙa ɗaya ko biyu su mutu. Wannan tsarin gaba ɗaya shi ne imobilaiza. Kuma siginar ba ta da nisa, ko taku ɗaya ba ta kai ba, dole cip ya kasance dab da zoben.

Rimot kuwa harkarsa daban, shi ne mai batir, aikinsa buɗe ƙofa da rufewa kawai. Shi ya sa ƙofata ta buɗe na ɗauka komai lafiya. Ashe abu uku ne a makulli ɗaya, ƙarfe da rimot da cip, ni kuma na adana mafi arha a durowa na jefar da mafi tsada.

Mun je bolar ni da almajirin, da kara a hannu muna tone, maƙwabta na kallo. Ba mu samu ba.

Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro abin shi ne sata. Da can ɓarawo haɗa waya biyu kawai yake yi a ƙarƙashin sitiyari ya tashi mota. Jamus ta wajabta imobilaiza a kan sababbin motoci a 1998, Ingila ma a shekarar, Ostireliya 2001, Kanada 2007. Amurka kuwa ba ta wajabta ba, shi ya sa za ka ga tsohuwar mota 'yar Amurka ba cip, wata kuma sa'arta da shi, har wasu Kia da Hyundai na can na wajen 2011 zuwa 2021 an sayar da su babu, yara suka gano suka yi ta sacewa suna sawa a TikTok. Don haka kar ka yi shaci-faɗi, ka tambayi wanda ya sani ko taka tana da shi. A Toyota ma akwai alama a jikin ƙarfen, ɗigo ko harafin G ko H, kowanne da irin cip ɗinsa, in ka sayo wanda ba nasa ba ko kwana za a yi ana firogiramin ba zai shiga ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, yaron ya ce da ina da makulli ɗaya mai aiki, aikin 'yan mintuna ne. A jona na'ura a soket ɗin OBD, wannan mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari, a gabatar wa motar sabon makulli, ko a kwafi lambar tsohon cip a zuba cikin wani. Amma in duka sun ɓata sai an goge ƙwaƙwalwar imobilaizar an fara daga farko, a wasu tsofaffin motocin ma sai an kwance akwatin imobilaizar an karanta shi a kan tebur, ko a sayi wani. Masu Peugeot ku kuma akwai lamba huɗu ta sirri da ke zuwa a wani kati, yawancin katunan nan sun ɓace tun a Turai. Abin da na biya ranar, in ka haɗa da fulogi da famfon mai da ba su yi laifin komai ba, ya isa safaya huɗu ko biyar.

Za ku ce na yi hankali ko? Ina! Da aka gama wani abokina ya ba ni shawara wai in ciro sabon cip ɗin in manne shi da sufa gulu a jikin zoben, kowane yankakken ƙarfe sai ya tashi motar, in huta da tsadar safaya. Na yi kuwa, kuma ya yi aiki, har ina koya wa wasu. Wata uku a haka, sai na koma wajen yaron kan wata matsala ya gani, ya riƙe baki ya ce Oga ai ka cire wa gidanka ƙofa ne, yanzu duk wanda ya fasa bakin makullin ya tafi da ita. Haka masu cewa a kashe imobilaiza gaba ɗaya a birenbos, duk kanwar ja ce. Ranar na sa ya ɓamɓare shi.

Sauran 'yan abubuwan a gurguje. Rimot ɗin motar Amurka yawanci a kan megahaz 315 yake, na Turai 433, kamanninsu ɗaya amma ba sa jin yaren juna, ka duba kafin ka biya. In ka sayi mota hannu na biyu ka sa a duba makulli nawa ke rajiste a cikinta, a goge waɗanda ba sa hannunka, don ba ka san wa ke riƙe da su ba. Masu motar danna maɓalli, in batirin makulli ya mutu kar ku kira janwe, a yawancinsu kara makullin za ka yi a jikin maɓallin ka taka birki ka danna, wannan cip ɗin mara batir yana nan a ciki. Kuma mai aikin kirki zai nemi ganin takardun mota kafin ya yi maka makulli, kar ka ji haushi, wanda bai tambaye ka ba gobe ɓarawon motarka ma ba zai tambaye shi ba.

Yanzu makullaina biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a cikin kwallar Hajiyarmu inda take ajiye takardun gida, ko ni sai na yi bayani kafin ta ba ni. Tsohon ƙarfen nan kuwa yana nan a durowa, da shi nake buɗe gwangwanin madara.