Benci, Allo da Rufin Kwano: Yadda Aji Ke Shafar Karatun Yaro

Shekarun da na yi ina koyarwa a wata makarantar firamare ta gwamnati sun sa na daina saurin cewa yaro ba ya ganewa. Ajin da aka fara ba ni yana da yara fiye da 80, alhali tsarin ilimi na Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma bencinan da ke ciki ba su wuce goma ba, irin waɗanda kafinta ke haɗa teburi da wurin zama a jiki ɗaya. An ƙera kowane benci don mutum uku, amma biyar ne ke matsuwa a kansa, sauran kuwa suna zaune a kan simintin da ya farfashe har ƙasa ta fito.

Akwai wata yarinya da rubutunta kullum a karkace yake, kuma rabin abin da na rubuta a allo ba ya shiga littafinta, har na yanke mata hukuncin rashin mai da hankali. Wata rana na tsuguna kusa da ita domin in ga yadda take aiki. Littafin a kan gwiwarta yake, ba shi da bango mai tauri, saboda haka duk lokacin da ta danna fensir sai takardar ta lotsa. Idan kuma ta ɗaga kai, kawunan manyan yaran da suka riga kowa kama benci sun tare mata ƙasan allo gaba ɗaya. Na ji kunya ƙwarai a ranar, domin na daɗe ina yi mata faɗa a kan abin da ba laifinta ba ne.

Wasu kan ce ai mu ma a ƙasa muka yi karatun allo kuma muka haddace, kuma gaskiya ne, sai dai akwai bambancin da ba a cika lura da shi ba. Allon katako yana da tauri, shi ne littafi kuma shi ne teburi, almajiri yana riƙe da darasinsa a hannu, ba ya bukatar hango wani bango mai nisa. Karatun boko kuwa an gina shi ne a kan takarda mai laushi da allo guda ɗaya na kowa da kowa, don haka idan aka cire teburi aka bar yaro da takarda, an raba shi da rabin kayan aikinsa. Daga wannan tunani na samo maganin da ƙarfina ya kai: na mayar da bencinan baya da gefe, na shimfiɗa tabarmi a gaba, na kuma roƙi wani kafinta ya yanka mana guntayen falanki da yara za su riƙa ɗora littafi a kai. Kafin ƙarshen zango rubutun yarinyar nan ya miƙe.

Ko inda benci ya wadata, akan ƙera shi da awo ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida, sai ka ga ɗan shekara shida ƙafafunsa na lilo, teburi ya kai masa ƙirji, yana rubutu a tsaye domin zama ya gagara.

Bayan benci sai zafi, wanda a ganina shi ne babban abokin gabar darasi a ƙasar nan. Ajin da aka rufa da kwano babu silin, a watan Maris da Afrilu, yakan ɗauki zafi tun kafin azahar, yara su fara gyangyaɗi, malami ma muryarsa ta dushe. Da damina ruwa na dukan kwano har ba a jin magana, da hunturu kuma idan an rufe tagogin ƙarfe saboda ƙura sai ɗakin ya yi duhu, allon da aka shafe da gawayi ya koma toka-toka, alli ba ya fitowa a kansa. Wani bincike da Jami'ar Salford ta Ingila ta fitar a 2015, wanda ya duba azuzuwa 153 a makarantun firamare 27, ya nuna cewa tsarin ginin aji na da hannu a kashi 16 cikin ɗari na bambancin ci gaban da yara ke samu a shekara, kuma haske da yanayin zafi da iska su ne suka ɗauki kusan rabin wannan tasiri. A Ingila ke nan, inda ba a san zafin bazararmu ba.

A Jamhuriyar Nijar lamarin ya wuce batun fahimtar darasi, ya kai ga rayuka, domin gobarar da ta tashi a azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilun 2021, da wadda ta biyo baya a Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, sun hallaka ƙananan yara fiye da 40.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne gyaran ba lallai sai da kayan waje ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, tare da mutanen garin. Ya yi wa azuzuwan silin na tubali mai kafofi, sannan ya ɗaga rufin kwanon sama can, yadda iska mai zafi za ta fice ta tsakaninsu, sabuwa ta shigo ta tagogi. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa ya san sanyin da ake nufi, kuma maginanmu sun san wannan aiki tun kaka da kakanni. Ina fatan kwamitocin iyaye da malamai, idan kuɗin gyara ya shigo hannu, kafin a sayi fenti a fara sa mutum ɗaya ya zauna a kusurwar baya ta aji da ƙarfe goma sha biyun rana, ya gwada kwafe layi biyar daga allo, sannan a zauna a yi lissafin abin da za a fara saya.