Gwanjon wutar iskar teku da ba wanda ya taya

A watan Satumba 2023 gwamnatin Birtaniya ta fitar da sakamakon gwanjon wutar lantarki, inda kamfanoni ke takarar farashin da za su sayar da wutarsu, sai ga shi ko kamfani ɗaya mai kafa injinan iska a teku bai taya ba. Dalili kuwa, gwamnatin ta ƙayyade cewa farashi ba zai wuce fam 44 kan kowace megawat-awa (ma'aunin yawan wuta) ba, bisa darajar kuɗin 2012, alhali ƙarfe, wayoyin ƙarƙashin ruwa da kuɗin ruwan banki sun yi tashin gwauron zabi.

Tsarin shi ne a kulle wa kamfani farashin wutarsa, a lokacin na shekara 15. In na kasuwa ya faɗi, a cika wa kamfani giɓin daga kuɗin wutar jama'a. In ya haura, kamfani ya mayar da rarar. Tsari ne mai kyau, domin iska kyauta ce, bashin gini ne ke cin kuɗi, kuma banki na sassauta ruwa idan ya ga tabbas.

Abin takaici, an ga alama tun Yuli: kamfanin wuta na Sweden, Vattenfall, ya dakatar da aikinsa na injinan iska a teku mai suna Norfolk Boreas saboda tsada ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Da aka ɗaga iyakar zuwa fam 73, sababbin ayyuka a gwanjon 2024 sun tsaya wajen fam 59.